Motata da Tudun Surukina

Ina da shekara arba'in da bakwai na sayi motar, kuma ba zan ce wani ya rufe ni ba. Da idona na ga ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, da but ɗin da jakar tafiya ɗaya ke cika shi. Sana'ata gwajin ido da yanka tabarau. Shagona yana ƙasan wani bene, tsakanin kantin magani da wurin masu buga takardu, kuma shekara ashirin ke nan ina zaune a ɗaki mai duhu ina tambayar mutane, "Wannan ya fi, ko wannan?" Sai na ga ya kamata ni ma sau ɗaya a rayuwa in zaɓi wanda ya fi a wurina.

Matata malamar lissafi ce a sakandare, tana da tata motar mai ƙofa huɗu da take kwasar yara. Ranar da na kawo tawa ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta ce, "Sharaɗina ɗaya ne, Abban yara. Da ita za ka riƙa zuwa aiki kullum. Ba za a girke mini ita a tsakar gida ana gogewa safe da yamma ba."

Na cika sharaɗi. Shekara guda cur ina zuwa aiki da ita, ina dawowa, minti goma sha biyu tafiya, minti goma sha biyu dawowa, babu abin da ya taɓa haɗa ni da kowa.

Abin da ya ɓata zaman lafiyar shi ne haɗuwata da Kaftin. Mai sayar da tayil ne, bai taɓa tuƙa jirgi ko jagorantar ƙungiya ba, wata hula ce da yake sawa ta jawo masa sunan. Ya zo shagona neman tabaran karatu, ya ga makullin motar a kan tebur, daga nan gwajin ido ya tsaya. Ya ce suna da taro duk Asabar da safe a filin ajiye motoci na wani babban kanti kafin a buɗe, masu irin motocinmu zalla, lallai in zo.

Na je. Motoci wajen goma a jere, mutane suna ta zagaya su hannu a baya. Kaftin ya zo gaban tawa, ya yabi fenti, ya yabi ƙarar inji, sai ya tsuguna. Ya dunƙule hannu ya tura tsakanin saman taya da jikin motar, hannun ya shige har wuyan hannu.

"Ka gani?" in ji shi. "Wannan ai taga ce. Mota irin wannan ba ta tsayuwa haka, kamar ta ɗage zani za ta tsallake kwata."

Aka yi dariya. Na duba sauran motocin, duk sun kwanta luf a ƙasa, ko takarda da ƙyar za ta shiga saman tayarsu. Na sake duban tawa. Wallahi shekara guda ina kallonta ban taɓa ganin wannan gibin ba, amma daga ranar ba na ganin komai a jikinta sai shi.

Ranar Litinin na rufe shago da wuri na tafi gareji. Bakanikena dattijo ne mai magana ɗaya-ɗaya, wanda ke goge hannu da tsumma kafin ya amsa kowace tambaya. Na ce masa so nake a sauke motar. Ya goge hannu.

"Ana yi," ya ce. "Kowace taya tana da sifirin, wato wannan murɗaɗɗen ƙarfen da motar ke zaune a kai, da shokazoba mai shanye girgiza. In na cire na kamfani na sa gajeru, za ta sauka. Sai dai gajere ya fi tauri, don ba shi da wurin lotsawa. Duk abin da taya ta taka, bayanka ne zai karɓi saƙon. Yatsu nawa kake so ta sauka?"

"Huɗu."

"Biyu dai."

"Huɗu, malam."

"Maigida, ina kake zuwa da ita?"

"Aiki."

"Kullum?"

"Kullum."

"Get ɗin gidanka yana da dakali a baki?"

Na ce ɗan kaɗan ne, ba abin magana ba.

"Kana ɗaukar mai jiki?"

Na ce matata ce kawai, wani lokaci. Ya dube ni, na dube shi, ya ga ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ya ce in dawo Laraba.

Ranar Laraba na je na gan ta. Ta yi kyau, wannan ba wanda zai musa. Ta kwanta kamar kyanwar da ta hango tsuntsu. Na zagaya ta sau uku, na ɗauki hoto na tura wa Kaftin, ya turo mini hoton wuta guda biyar. Na shiga, ko kuma in ce na faɗa ciki, don kujerar ta yi nisa da inda na saba samun ta. Na ja ta a hankali zuwa gida, ina kallon kaina a gilashin shagunan da nake wucewa.

A get ɗin gidana ta fara magana. Dakalin nan da na ce ba abin magana ba ne, bamban gaban motar ya same shi, ya yi wata ƙara kamar an ja tukunyar ƙarfe a kan siminti. Na taka birki. Na koma baya, na gwada ta gefen dama, ƙarar ta ƙaru. Matata ta fito da abin goge allo a hannu, da alama daga jakarta ta ciro shi ta manta.

"Tayoyin ne suka sace gaba ɗaya?"

"Sauke ta na sa aka yi."

"Me ta yi?"

"Don ta fi riƙe hanya in an sha kwana."

Ta yi lissafi a ka. "Daga nan zuwa shagonka sau ɗaya ake shan kwana, kuma akwai danja a wurin."

A ranar katako biyu na aro wurin maƙwabcina kafinta, na jingina su da dakalin, da su motar ta shiga. Suka zama 'yan gida. Kullum da safe in fito in shimfiɗa katako, in fitar da mota, in sauka in ɗauke katako, in rufe get. Da yamma in maimaita. Yara suka sa musu suna jan kafet.

Sai kuma hanya. Ban taɓa sanin cewa tsakanin gidana da shagona akwai tudun rage gudu har bakwai ba. Da can hawa nake in sauka ina sauraren rediyo. Yanzu kowanne sai na tsaya cak, na karkata sitiyari, na hau shi a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. A bayana motoci su yi layi suna ham. Akwai wani direban bas da kullum muke haɗuwa a tudu na huɗu, har ya daina ham, sai dai ya leƙo ya ce, "Sannu, Alhaji, Allah ya ba ta lafiya."

Na zauna da taswira a waya na fitar da sabuwar hanya mai tudu biyu kacal. Ta bayan kasuwar kayan gini take bi, ta zagaya filin ƙwallo, ta ɓullo ta gefen gidan mai. Minti arba'in. Wurin ajiye mota na ƙarƙashin benenmu kuwa na yafe shi, don gangaren shigarsa ya fi ƙarfina. Sai in ajiye ta a bakin titi gaban kantin magani, inda tsuntsaye ke da wata bishiya da suka mayar banɗaki. Shayin da na saba tafiya da shi a kofi na daina, bayan ya wanke mini riga sau biyu. A mako na uku na shiga kantin maganin na sayi man shafawa na ciwon baya, na ce na wani ne.

A makon ne kuma na gano cewa Kaftin ranar Asabar kawai yake fitar da tasa. Sauran kwana shida wata tsohuwar a-kori-kura yake hawa, mai tsayin da sai ya kama ƙofa yake hawa. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini ba.

"Ai ba ka tambaya ba," ya ce. "Wai kullum kake hawan ta? Kai, kana da zuciya."

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne layin surukina.

Baba injiniyan hanya ne, shekara talatin da biyar yana shimfiɗa kwalta kafin ya yi ritaya. Dogo ne, kakkaura, ba ya dariya sai da dalili. Shekara goma sha takwas ina auren 'yarsa, ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar da na gwada masa ido, shi ma da na'ura a tsakaninmu. Bayan ritaya ya rasa abin yi, sai ya tara mutanen layinsu ya kafa kwamiti, ya zana musu tudun rage gudu guda uku, ya tsaya a kan leburori har aka gama. Yana alfahari da su fiye da gadojin da ya gina. Duk baƙon da ya zo sai ya ji tarihinsu.

Tun da aka sauke motar ban shiga layin da ita ba. A bakin titi nake ajiye ta in taka da ƙafa. Da surukata ta tambaya, na ce likita ne ya ce in riƙa motsa jiki.

To, idon Baba ya yi yana, duka biyun, kuma ni na gano, ni na haɗa shi da likitar ido da muke aiki tare, ni na karɓo ranar da za a yi wa na dama aiki. Ranar ta faɗo daidai da ranar da matata ke tsaron jarrabawa a wata makaranta can bayan gari.

"Ba ni taki, ki ɗauki tawa," na ce mata.

"In bi wace hanya da ita? Ta bayan filin ƙwallo? Ƙarfe takwas ake raba takarda."

"To a kira tasi."

"Kai za ka gaya wa Baba cewa surukinsa yana da mota amma a tasi zai je asibiti. Ni ba ruwana."

Da safe na ajiye motar a bakin layi, na shiga na gaishe shi, na ce iska tana da daɗi, ko za mu ɗan taka. Ya yarda. Da muka iso ya tsaya yana lalube da ido.

"Ina motar?"

"Ga ta nan gabanku, Baba."

Ya sunkuyar da kai. "Au. Na ɗauka benci ne."

Na buɗe masa ƙofa. Ya juya baya, ya fara sauka, ya ci gaba da sauka, ya kai inda kujera ya kamata ta tare shi bai same ta ba, sai ya tafi gaba ɗaya. Motar ta ƙara nutsewa. Gwiwoyinsa suka taso daidai ƙirjinsa. Na tattara masa bakin riga na tura ciki na rufe ƙofa, ina ba shi haƙuri ba tare da na san a kan me ba.

Muka kama hanya, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban yi nisa ba na ji ya ce, "Dakata. Rage gudu." Na rage. Ya rufe ido, ya karkata kai.

"Nan ba su danne ƙasa ba kafin su zuba kwalta. Kana ji? Kamar tabarma a kan tsakuwa." Muka ɗan ƙara gaba. "Nan kuma faci ne, faci a kan faci. Wanda ya yi wannan ko a mafarki bai taɓa riƙe ma'auni ba." Da muka hau babban titi ya yi ajiyar zuciya. "Wannan namu ne. Shekara ashirin da shida. Ji yadda yake."

Har muka isa asibiti yana karanta mini titi da mazauninsa. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon haka ba. A bakin asibitin ma'aikata biyu suka taimaka aka zaro shi.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Wajen azahar aka fito da shi, an rufe idon dama da auduga da wani ɗan kwano na roba. Likitar ta ja ni gefe ta lissafa mini dokoki: kada ya sunkuya, kada ya yi yunƙuri mai ƙarfi, kada a girgiza shi, kada ya yi tafiya cikin rana. "Har ƙofar gida za ka kai shi," ta ce. "Ka san abin, ba sai na faɗa maka ba."

Na san abin. Tun daga asibiti nake addu'a har muka iso bakin layin.

Tudu na farko na hau shi a kaikaice, na ji ɗan ƙaramin karce a ƙasa, muka wuce. Baba ya ce, "Me ya sa kake tafiya kamar kaguwa?" Na ce don kada a girgiza idon ne. Ya ce madalla. Na biyu ya fi na farko faɗi, na cinye layin gaba ɗaya daga wannan kwata zuwa waccan, wata mata mai tallar kayan miya ta matsa ta ba ni wuri tana kallona. Muka wuce.

Na uku yana gaban shagon tela, gida huɗu kafin na Baba. Tun daga nesa na ga bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Na karkata, na hau da tayar gaba ta dama, ta hagu ta biyo, suka sauka. Sai na ji motar ta zauna. Wata doguwar ƙara ta fito daga ƙarƙashinmu, ta ratsa kujera ta shiga haƙorana, sannan komai ya tsaya. Na taka mai, tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza. Na sa ribas, haka. Cikin motar ya ɗare kan tudun daram.

"Mun iso?" in ji Baba.

"Saura kaɗan, Baba."

"To me muke jira?"

"Motar ce ta ɗan... hau tudun ba ta sauka ba."

Ya juyo da idon da ba a rufe ba, wanda shi ma hazo yake gani. "Tuduna?"

Kafin in amsa, layin ya cika. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da ƙyalle a wuya, rabin kai a aske. Mahauci ya baro teburinsa. Wata motar burodi ta tsaya a bayanmu, direban ya sauko. Kowa ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin motar yana ba da shawara: a sace iskar taya, a ƙara iskar taya, a kira janwe, a fitar da Baba. Na ce Baba ba zai fita ba, likita ta hana shi yunƙuri. Tela ne kaɗai bai matso ba, yana tsaye a ƙofar shagonsa da tef ɗin awo a wuya.

Baba ya sa na sauke gilashi. Muryarsa ta koma irin ta wurin aiki.

"Santimita goma na zana. Duk motar da ta wuce na farko da na biyu, dole ta wuce na uku, don awonsu ɗaya. Ko dai motar ta canja tsakanin can da nan, ko tudun ya canja. A kawo tef."

Kowa ya juya ya dubi tela. Ya ce nasa na tufafi ne, ba ya auna siminti daidai.

"Kawo," in ji Baba.

Ya sa aka ɗora katako a saman tudun ta gefe, aka daidaita shi, na tsuguna na auna daga katakon zuwa kwalta.

"Nawa?"

"Sha bakwai, Baba."

"Kai mai motar ne, ba a karɓar shaidarka. Mai aski, duba."

Mai aski ya duba. "Sha bakwai har da ɗan ɗoriya."

Tela ya fara gyara wuyan rigarsa.

"Baba, masu babur ne," ya ce. "Ba sa jin na farko, ba sa jin na biyu, in sun zo nan sai su watsa mini ruwan kwata a kan ɗinkin mutane. Lokacin da kuka yi tafiya wajen bikin jikarku, siminti ya ragu daga gyaran dakalina, sai na ce kada ya lalace."

"Ka taɓa aikina."

"Shafawa kawai na yi."

"Santimita bakwai ka shafa. Wata nawa ina wucewa ta nan ina jin ƙafata tana tuntuɓe, ina cewa tsufa ne." Ya ɗaga yatsa. "Shekara talatin da biyar ba a taɓa ƙara ko cokali a kan zanena ba tare da sa hannuna ba."

Na tuna masa cewa likita ta hana ɓacin rai, ko da yake ba ta faɗa ba. A raina kuwa wani sanyi nake ji, don tunda aka fara maganar ba wanda ya sake tambayar me ya sa motar take ja da ciki.

Daga kujerarsa, da ido ɗaya a rufe, Baba ya tsara aikin ceto. Aka ciro katakan rufe shagon tela, shi ya ce a ciro nasa, aka cusa su ƙarƙashin tayoyin baya. Ya jera mutum shida, uku kowane gefe, ya sa mahauci da direban burodi a baya don sun fi ƙarfi, ya sa tela a daidai inda salansa ke fitar da hayaƙi. Na tambaya ko baya za mu koma.

"Fiye da rabi ya wuce. Gaba." Ya ɗaga hannu. "In na ce uku, ku ɗaga, kai kuma ka taka a hankali. A hankali na ce. Ɗaya. Biyu."

A uku suka yi nishi gaba ɗaya, motar ta ɗan tashi, tayoyin suka kama katako, muka zame gaba. Wani abu ya yi ƙara ya faɗi a baya. Nan take muryar motar ta canja, ta koma kamar injin niƙa. Na duba madubi, na ga wanda ake yi wa aski yana tafe a bayanmu, rungume da rabin salansa.

Da wannan rugugin muka isa ƙofar gida. Surukata ta fito a tsorace, ta ga mijinta a zaune kusan a ƙasa, jama'ar layi a bayansa.

Saura fitarwa. In ya fita ta ƙofa dole ya sunkuya, dole ya yunƙura. Aka yi ta shawara har wani ya ce a cire kujerar gaba ɗaya a shiga da shi a kanta. Sai na tuna rufin motar na buɗewa ne. Na danna, ya naɗe ya koma baya. Na cire takalmi na hau kan kujerata na tsaya, mai aski ya tsaya ta waje. Na rasa ta inda zan fara. Mutumin da ko hannu in mun yi sai na rusuna, yau ga ni zan zura hannu a hammatarsa.

"Baba, ku yi haƙuri, zan ɗan riƙe ku."

"Riƙe, Malam. Ai mun wuce nan."

Na rungume shi ta ƙirji, hularsa ta toshe mini hanci, muka ɗaga. Ya miƙe tsaye a tsakiyar motar, sambal, kansa a sama kamar mai duba fareti. Mutane suka fara tafi, ya ɗaga musu hannu su bari. Aka buɗe ƙofa, ya taka ƙasa. Kafin in sake shi ya yi magana ƙasa-ƙasa, daidai kunnena.

"Wannan ba sai 'yata ta ji ba."

Na ce in sha Allahu. Ban kai ga sa takalmi ba wayata ta yi ƙara. Matata ce, daga ɗakin malamai. Ta ce mutum uku sun turo mata bidiyon, ɗaya har da kiɗa, kuma tana so ta san ko idon Baba lafiya. Na ce lafiya. Ta ce to, sauran maganar sai na dawo, in ma motar za ta iya dawowa.

Janwe ne ya fitar da ita daga layin. Washegari na sami bakanike ya ɗaga ta a jak yana kallon cikinta da fitila. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya shiga ciki ya fito da wani buhu, an rubuta lambar motata a jiki da alli. Sifirin ɗina ne na kamfani.

"Ba na yarwa," ya ce. "Akwai kanta guda a ciki, duk na masu yatsu huɗu ne. Wasu wata ɗaya, wasu uku. Kai ka yi mako bakwai, ba laifi. A mayar da su?"

Na tsaya ina kallon motar. Na ce ko akwai na yatsu biyu.

Ya goge hannu ya daɗe yana gogewa. "Akwai."

Da na yatsu biyu take yanzu. Tana shiga get ba katako in na bi ta gefen hagu, kuma na koma tsohuwar hanyata, ko da yake tudu na huɗu har yanzu sai da lallashi. Taron Asabar na daina zuwa. Kwamitin layin Baba kuwa ya zauna, aka yanke cewa tela ya sassaƙe abin da ya ƙara da hannunsa. Kwana uku yana yi da guduma da kurfi, Baba yana zaune a kujera a inuwa da baƙin tabarau yana sa mai aski ya auna. Har yau telan ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Mako biyu bayan aikin idon na zo ɗaukar Baba zuwa asibiti a duba idon. An cire audugar tun tuni, amma ranar ce ya fara fitowa waje ba baƙin tabarau. Na kawo motar har ƙofar gida, na fito na buɗe masa. Ya tsaya a bakin get. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya dubi motar da sabon idon, tun daga gaba har baya.

Ban faɗa muku launinta ba. Ruwan ɗorawa ce, mai haske, da ratsin baƙi biyu tun daga hanci har wutsiya.

"Wannan ce?" ya ce.

"Ita ce, Baba."

"Wannan na shiga? A gaban mutanen layi?"

"Ita ce."

"Ni duk zatona ruwan toka ce." Ya juyo da idon kaina, ya dube ni sama da ƙasa, da furfurar da ke gemuna. "Malam, shekarunka nawa yanzu?"

Na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya leƙa layin dama da hagu ya ga ba kowa sai mahauci. Sannan ya tattara rigarsa, ya juya baya, ya fara sauka.

"Rufe rufin," ya ce. "Kuma ka bi ta sabon titin bayan asibiti. An ce sun gama, ina so in ji abin da suka yi."